Hannu Biyu a Bangon Majami'a

Da aka gama shafe bangon da ke bayan mimbari da siminti, dattawan ikilisiya suka ce ba za a bar shi fari fat kamar ɗakin asibiti ba. Aka kira Mai Zane. Shi ne ke rubuta allunan shagunan unguwar, ya zana wa mai aski almakashi, ya zana wa mai gyaran waya waya, kuma ɗan cocin ne tun yana goye a bayan uwarsa. Abin da ake so ba shi da wuyar faɗa: teku ta yi hauka, mutum yana nutsewa, hannun Ubangiji Yesu ya sauko daga cikin gajimare ya cece shi. Kowa ya ce amin, aka watse.

Tekun ba ta ba shi wahala ba, ko da yake bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Ya kafa tsani, ya jera gwangwanayen fenti a kan tsohon benci, ya haɗa shuɗi da baƙi da ɗan kore har ruwan ya fito da ban tsoro. Hannun sama ma bai ɗauke shi lokaci ba. Ya ɗaga nasa na hagu a gabansa, ya kalla, ya kwafe shi yadda yake, kamar yadda ya saba yi duk lokacin da aiki ya buƙaci hannu. Saura hannun mai nutsewa. Ya fitar da shi da alli tukuna, a miƙe, yatsu a buɗe, yana neman na sama.

A nan Hedimasta ya same shi. Hedimasta ya daɗe da barin makaranta, amma makaranta ba ta bar shi ba, har yanzu da jan biro yake yawo a aljihu. Ya tsaya a gaban bangon, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallo ta saman tabarau.

"Ɗana, wannan mutumin nutsewa yake yi ko gaisuwa yake miƙowa?"

"Nutsewa yake, Baba."

"To goge. Mai zunubi ba ya neman Allah, Allah ne ke nemansa. Littafi matacce ya kira shi, ba mai rashin lafiya ba. Ka taɓa ganin gawa ta miƙa hannu? Ka sake hannun nan ya yi laƙwas, na sama ya damƙe shi a wuyan hannu. Alheri ke nan. In mutum ya sa ko ɗan yatsa a cikin cetonsa, gobe zai ce da shi aka yi aikin."

Mai Zane ya goge, ya sake zanawa yadda aka ce. Da yamma sai ga Mai Kemis, ya rufe shagonsa na magani ya biyo ya ga aiki. Tun daga bakin ƙofa ya fara girgiza kai.

"A'a, a'a. Wannan ai ba ceto ba ne, kamun kifi ne. Wa ya sa ka? Kada ka faɗa, na sani." Ya ja kujera ya zauna. "Ka ga, ni magani nake sayarwa. Ina ba mutum, in gaya masa yadda zai sha, amma ban taɓa haɗiye wa kowa ba. Ubangiji ƙwanƙwasa ƙofa yake yi, ba ɓalle ta ba. In babu zaɓi, me ya sa ake wa'azi? Me ya sa ake cewa ku tuba? Ai ko masu iya magana sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka."

Washegari da aka kai wa Hedimasta wannan maganar, cewa ya yi a nuna masa sura da aya inda Allah ya faɗi haka, shi dai a kasuwa ya saba jin ta.

Gardamar nan ta girmi rufin kwanon majami'ar. Mutanen biyu surukai ne, 'yar Hedimasta ce ke auren ɗan Mai Kemis, jikokinsu ɗaya, bencinsu ɗaya, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan bai riga kowa zuwa dubiya ba. Amma a kan wannan batu ko a makabarta suka haɗu sai sun taɓa. A cocin akwai abin da aka saba yi a ƙarshen wa'azi: Fasto ya ce kowa ya rufe ido, wanda ya karɓi Ubangiji a zuciyarsa ya ɗaga hannu. Mai Kemis yakan buɗe ido ɗaya ya leƙa, in ya ga hannu a sama ya wuni yana murna. Hedimasta kuwa cewa yake ya ga isasshen ɗaga hannu a aji, kuma ba kullum mai ɗagawa ne ya san amsa ba.

Mai Zane ya kai ƙara wurin Fasto. Fasto matashi ne, kuma ya san in manya suna faɗa ƙaramin da ya shiga tsakani shi ke kwasar mari. Ya sosa ƙeya ya ce, "Duka biyun suna da ayoyinsu. Kai dai ka yi addu'a, ka zana abin da aka nuna maka." Da haka ya zame, ya bar shi da alli a hannu.

Da bango ne kawai, da Mai Zane ya zana ko wanne ya huta. Amma a gida akwai mahaifinsa kwance.

Baba mai injin niƙa ne. A gidan masu bi aka haife shi, amma tun yana saurayi ya daina shiga coci, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ba mashayi ba ne, ba mai zagin addini ba ne. Kowace Lahadi yakan ɗauko Mama a bayan babur ya sauke ta a bakin ƙofar majami'a, ya koma gindin bishiyar da ke tsallaken titi ya zauna da rediyonsa har a tashi. Fastoci nawa suka tsallaka titin nan suka dawo hannu rabbana. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "In Allah yana nemana, ai ya san hanyar gidana." Yana faɗa yana dariya, yana nuna hanyar da yatsansa na tsakiya, wanda bel ɗin inji ya cinye wa kai tun kafin a haifi Mai Zane.

Sai hawan jini ya buge shi wata safiya a bakin injin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka dawo da shi daga asibiti aka kwantar a ɗakin da ke kallon tsakar gida, da roba a ƙarƙashin zanin gado da rediyon a kan kujera kusa da kansa. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce su yi haƙuri, su kula da shi iya kwanakin da suka rage. Tun ranar tsoro ya zauna a ƙirjin Mai Zane. Yana son mahaifinsa, kuma yana tsoron mutumin nan zai mutu a tsallaken titi.

Saboda haka wata rana da Hedimasta ya zo duba aiki, Mai Zane ya sauko daga tsani ya tambaye shi kai tsaye.

"Baba, ku bar maganar bango. Mahaifina fa?"

Hedimasta ya cire tabarau. Muryarsa ta sauka. "Ɗana, in Ubangiji ya zaɓe shi tun kafin a kafa duniya, taurin kansa ba zai hana ba, shanyewar jiki ma ba za ta hana ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ka kwantar da hankalinka."

"In bai zaɓe shi ba fa?"

Tsohon ya daɗe yana goge tabarau da bakin rigarsa. "Wannan ba a ba mu sani ba," in ji shi. Ya dafa kafaɗarsa, ya fita a hankali.

Mai Kemis ya fi saurin amsa. Yana ƙulla wa wata mata magani a ƙaramar leda ya ce, "Ƙofa a buɗe take har numfashin ƙarshe. Ya yarda kawai."

"Ba ya iya magana, Baba."

"Kunnensa yana ji, ko ba ya ji? Hannun hagu yana motsi, ko ba ya yi? To ya ɗaga. Amma kada ka yi sanyi, ɗana, lokaci ba ya jira. In ba ka gaya masa ba, wa zai gaya masa?"

Maganar Hedimasta ta ba shi sanyi na ɗan lokaci sannan ta bar shi da ramin da ba ya ganin ƙarshensa. Ta Mai Kemis kuwa ta ɗora masa kaya a ka, amma aƙalla kaya ne da mutum zai iya ɗauka ya yi wani abu da shi. Ya zaɓi kayan.

Ran nan da yamma, bayan ya juya Baba ya shafa masa mai a baya, ya rage muryar rediyo ya durƙusa a bakin gadon.

"Baba, kuna ji na? Ba sai kun yi magana ba. In kun karɓi Ubangiji, ku ɗaga hannun nan kawai. Ko kaɗan ne. Ba wanda zai gani sai ni."

Baba ya juyo da idonsa ya kalle shi. Hannun hagu ya motsa a kan zani, ya tashi a hankali yana rawa. Mai Zane ya ƙara matsowa, idonsa a kan hannun. Hannun ya wuce ta gaban fuskarsa, ya lalubi rediyo, ya ƙara murya.

Mama tana bakin ƙofa da kwano da cokali. Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da gefen ɗankwali. Mai Zane bai ga abin dariya ba. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya a bakin famfo yana huci, haushi da baƙin ciki sun haɗu sun tokare shi.

Bai daina ba. Da safe kafin ya tafi majami'a sai ya roƙa, in ya dawo ya roƙa. Ya karanta masa ayoyi, ya kira Fasto, ya kira Mai Kemis da kansa. Baba ya koyi rufe ido da zarar ya ji takun ɗansa. Mama ta ce, "Ka ƙyale mutumin nan ya sha iska. Ka mayar masa da ɗaki kamar ofishin 'yan sanda." Ya ce mata ita ba ta gane ba ne, lokaci ne ke ƙurewa. Ta dube shi kawai, ta ci gaba da matse tsumma.

A majami'a kuwa wurin hannun ya zama tabo, saboda yawan zanawa da gogewa. Ranar keɓe bangon tana matsowa. Wata rana da hantsi a gida, Mai Zane yana yanke wa Baba farce, ya ɗago shanyayyen hannun ya riƙe a wuyan hannu, sai ya ga abin da yake nema: nauyinsa, yadda fatar ta saki, guntun yatsan nan. Ya jawo takarda da fensir da ɗaya hannun ya fara zanawa. Yana cikin haka ya ji yatsun sun lanƙwaso a hankali, sun taɓa bayan hannunsa, sun tsaya a wurin.

"Baba?"

Idon Baba a rufe yake. Ko barci yake, ko ƙyaliya ce irin tasa, ba mai iya cewa.

Maƙwabciyarsu nas ce, ita ke zuwa auna masa jini. Da ya gaya mata, ta ɗaga hannun ta nuna masa. "Jijiyoyi ne ke ɗaurewa. Haka shanyayyen hannu yake yi in ya kwana biyu, ko me ka sa masa zai naɗe a kai. Ku riƙa miƙe masa yatsun." Ta ga fuskarsa, ta ƙara da cewa, "Ni dai abin da aka koya mini ke nan. Abin da ke cikin zuciyarsa ba ya fitowa a na'urata."

Baba ya rasu wata ranar Talata da rana tsaka, Mama tana shanya, rediyo yana labarai. Bai ɗaga hannu ba, bai ce komai ba. Aka yi jana'iza, Fasto ya yi wa'azi a kan jinƙan Allah, ya taka a hankali kamar mai tafiya a kan santsi. Hedimasta da Mai Kemis suka zauna gefe da gefe a zaman makoki, kuma don girman Allah ranar ba wanda ya ja aya.

Bayan an share makoki Mai Zane ya koma kan tsani. Bai tambayi kowa ba. Ya zana hannun yadda yake a takardarsa: a sake, an damƙe shi a wuyan hannu, yatsun sun lanƙwaso sun taɓa bayan na sama. Ya koma kan na saman ya ƙara masa ƙarfi, ya tayar da jijiyoyi, ya sa gaɓoɓin yatsu suka yi fari don tsananin riƙo.

Surukan biyu suka zo tare.

"Madalla," in ji Hedimasta. "Dubi inda aka kama shi. A wuyan hannu. Ko ya so ko bai so ba, an fitar da shi."

"Malam, gyara tabarau," in ji Mai Kemis. "Ba ka ga yatsun ba? Ya riƙe. Yaron nan ya fahimci Littafi."

"Wa ya ba yatsun ƙarfin riƙewa?"

"Wa ya hana su saki?"

Haka suka fita suna yi, ɗaya yana riƙe wa ɗaya ƙofa. Mai Zane ya bi su da kallo. Aiki ya karɓu, kowa ya samu nasa, shi kaɗai ne bai samu komai ba. Tambayar da ya shigo da ita tana nan inda take.

Ranar Asabar matan zumunta suka zo shara. Mama ta zo tare da su, fitarta ta farko tun rasuwar. Mai Zane yana tattara gwangwanaye ya ga ta jingine tsintsiya a jikin benci, ta tako har gaban bangon. Ta daɗe a tsaye.

"Wannan hannun babanka ne," ta ce. "Ga yatsan."

"Shi ne, Mama."

"Ka sa shi a coci dai, ƙarshenta. Da yana nan da ya ce wa ya aike ka." Ta ɗan yi murmushi, ta share ido da bayan hannu. Sai ta ɗaga kai sama, murmushin ya ɗauke. "Na saman fa, na wane ne?"

"Na Ubangiji ne mana."

"A'a. Naka ne." Ta nuna da baki. "Ga tabon dutsen guga nan a gindin babban yatsa. Ni na ɗaure maka shi kana rarrafe, zan manta shi? Kuma ina wurin ƙusa? Ubangijin da na sani da huda a hannunsa."

Mai Zane ya ɗaga ido. Tabon yana nan, ɗan baƙi mai lanƙwasa, ya kwafe shi tun ranar farko ba tare da ya lura ba. Wurin ƙusa kuwa babu. Dattawa biyu da Fasto da shi kansa sun ƙura ido a kan hannun ƙasa, ba wanda ya dubi na sama.

"Dubi yadda ya ƙanƙame," in ji Mama. "Kamar mai tsoron za a ƙwace masa. Haka ka riƙe babanka har ya tafi."

Ya sauke idonsa daga bangon. Da ƙyar ya ce, "Mama, yana ina yanzu?"

"Ban sani ba. Hedimasta bai sani ba, Mai Kemis bai sani ba, duk da yawan ayoyinsu. Tun kafin a haife ka nake roƙa wa mutumin nan, ina ciki yana gindin bishiya. Ko ya buɗe ƙofar a ƙarshe, ko an buɗe masa, ba a kira ni shaida ba." Ta ɗauki tsintsiyarta ta buga gindinta a tafin hannu. "Abu ɗaya na sani, ba a hannunka yake ba. Bai taɓa zama a hannunka ba. Hau ka cire hannunka daga wurin nan, ka bar mai aikin ya yi aikinsa."

Ta koma cikin mata, ƙura ta tashi tsakanin bencina, wata ta ɗauko waƙa sauran suka amsa.

Mai Zane ya sake buɗe gwangwanin da ya riga ya rufe, ya jawo tsani ya hau. Ya shafe tabon dutsen guga. Ya kwantar da jijiyoyin da ya tayar, ya mayar wa gaɓoɓin yatsun launinsu, har riƙon ya zama na wanda ba ya tsoron komai zai suɓuce masa. Sannan ya ɗauki ƙaramin burushi ya tsoma a ja. Sai da ya tsaya ya goge idonsa da hannun riga, don ba ya ganin wurin sosai, kafin ya sa hudar ƙusar.

Hannun Baba kuwa bai taɓa shi ba. Ya bar shi yadda yake, da guntun yatsansa, a cikin hannun da ba nasa ba.